Kafin Ka Rubuta "Amin" A Kwament, Ji Labarin Da Ya Faro A Kasuwar Kurmi

Duk wanda ke buɗe Facebook ko WhatsApp da safe ya san irin fostin ɗin nan. Hoton daloli ne a jibge, ko makullin mota, ko fasfo ɗauke da biza, a ƙasa an rubuta cewa duk wanda ya rubuta "Amin" kuma ya tura wa mutum goma, kafin ƙarshen mako zai ji alat. Kafin azahar kwament ya haura dubu. Matasan Kirista na yi, matasan Musulmi na yi, kowa da irin hoton da ake yi masa tarko da shi.

Ba mu zo yi wa kowa dariya ba. Wanda ya gama digiri shekara huɗu yana yawo da takardu a cikin leda, ko wadda ke sayar da turare a intanet ta wuni babu oda ko ɗaya, ba abin zargi ba ne don sun nemi abin da zai kwantar musu da hankali. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta ƙara tsanani, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Kowa ya ji a jikinsa.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu. Idan mako ya ƙare alat bai shigo ba, me ya rage na dogararka ga Allah? Wannan shafi na yau na matasan Kirista ne musamman, waɗanda aka rene su da koyarwar cewa Allah Uba ne mai ƙauna, mai tanadi. Amma ɗan'uwa Musulmi, kada ka wuce. Labarin da za mu kawo a cikin birninmu ya faro, kuma abin da ke cikinsa ya shafi duk mai cewa ya yi tawakkali.

Abin da ya faru a cikin ganuwa

Yau in ana maganar Kirista a Kano, hankali Sabon Gari yake tafiya, unguwar da aka kafa wajen 1913 bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911. Wasu su tuna da Badawa, wasu su tuna da Hausawa Kiristoci na ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada. Ba kowa ne ya san cewa ɗaya daga cikin saiwoyin Kiristancin Hausawa a tsakiyar birni take ba, a kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birni mai suna Malam Ibrahim. Bai taɓa ganin ɗan mishan ba. Daga karatunsa na Alƙur'ani ya tsananta girmama Annabi Isa, ya tara almajirai, har aka riƙa kiran su Isawa. Hukumomin lokacin suka ga koyarwarsa ta fita daga hanya, aka nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a bainar jama'a a kasuwar Kurmi wajen 1867. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau.

Ba hukunci muka zo yanke wa wannan shari'a ba. Masana tarihi sun nuna Isawan farko ba su ɗauki kansu Kiristoci ba, kuma bambancin aƙida tsakanin addinan biyu na nan, babu mai ɓoye shi. Abin da ya shafe mu shi ne abin da ya biyo baya. Zuriyar Isawa na ba da labari cewa malaminsu ya bar musu wasiyya su jira, wata rana za a zo musu da littafin Isa. Suka zauna suna noma, suna koya wa 'ya'yansu abin da suka riƙe, suna jira.

Ana cikin haka, a 1900, wata tawagar 'yan mishan daga Ingila ƙarƙashin Bishop Tugwell ta shigo Kano. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus. Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice daga gari. Suka koma Girku, ɗaya daga cikinsu ya rasu a can, wani ciwo ya mayar da shi gida. In da a yau ne, da 'yan kwament sun gama yanke hukunci cewa tafiya ta yi asara, Allah ba ya tare da su. Miller ya dawo, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, yana magani, yana koyarwa, yana aikin fassara.

Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka iso wurinsa. Lissafa da kanka: fiye da shekara 40 ke nan da kashe Malam Ibrahim. Da yawa daga waɗanda suka ji wasiyyar da kunnensu sun riga sun kwanta dama. Jikoki ne da 'ya'ya suka ga ranar.

To, a nan ne fim ɗin Kannywood zai ƙare da kiɗa da murna. Tarihi bai ƙare haka ba. Waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu sun taru sun kafa ƙauye a Gimi, a ƙasar Zazzau, da gonaki da makaranta da wurin sujada. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya shiga ƙauyen ya yi musu mummunar ɓarna. Iyaye suka mutu, aka bar marayu, ƙauyen ya tashi. Mutanen da suka jira shekara 40, da abin da suke jira ya zo, sai ga kabari a jere.

Ka tsaya ka yi tunanin wanda ya haƙa kabarin matarsa da na ɗansa a Gimi. Wane "Amin" za ka ce ya rubuta? Duk da haka waɗanda suka tsira ba su watsar da bangaskiyarsu ba. An kwashe yara zuwa makarantar mishan ta Zariya, wadda ta koma Wusasa a 1929. A can aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, aka kafa asibitin St. Luke, wanda Musulmi da Kirista ke zuwa neman magani har yau. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

Daga wannan ƙaramar al'umma da makarantarta aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, kuma sunansa ne a kan asibitin koyarwa na jihar Kaduna. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi ya yi firamare. Dubban 'yan Arewa sun amfana da hannun waɗannan mutane ba tare da sun taɓa jin sunan Gimi ba.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba muna cewa mutuwar mutanen Gimi ta zama daidai don jikoki sun zama likitoci ba. Rashin uwa rashin uwa ne. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya tsaya a 1900, ko a tsakiyar annobar Gimi, ya ce ya gama ganin ƙarshen labari, ya yi kuskure. Kai ma da ke kallon rayuwarka a shekara 24 kana cewa ta ƙare, shafi nawa ka karanta daga ciki?

Me koyarwar take cewa a zahiri?

Matashin Kirista ya san wurin da Yesu ya yi maganar damuwa, a Matta sura 6, inda ya nuna wa masu sauraronsa tsuntsaye da furannin jeji, ya ce Uban da ke kula da waɗannan ba zai manta da mutum ba. Ana yawan ɗora wannan a status. Amma a lura da waɗanda aka yi wa maganar: talakawan Galili ne, manoma da masunta da 'yan ƙwadago, a ƙarƙashin mulkin Romawa da harajinsu. Ba a yi musu alkawarin za su zama attajirai ba. An ce musu Allah ya san bukatarsu, don haka kada tsoron gobe ya cinye musu yau. A addu'ar da ya koya musu ma, abincin yini aka ce su roƙa. Haka a labarin manna a jeji: kowa ya tara na ranar, wanda ya yi zari ya ɓoye na gobe sai ya tarar ya ruɓe.

Sannan tsuntsun nan da ake misali da shi, ka taɓa ganin sa kwance a sheƙa yana jiran tsaba ta faɗo masa a baki? Tun asuba yake fita. Manzo Bulus da kansa ɗinkin tanti yake yi don kada ya zama kaya a kan kowa, kuma ya tsawata wa masu zaman kashe wando a ikilisiyar Tasalonika. Bahaushe ya taƙaita shi da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Ɗan'uwa Musulmi kuwa ya san koyarwar ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. A nan kam bakinmu ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren da masu fostin ba sa so a taɓo, wato addu'ar da aka amsa da "a'a". Bulus ya roƙi a cire masa wata wahala har sau uku, ba a cire ba. Yesu da kansa a Getsamani ya roƙi a ɗauke masa abin da ke gabansa, sannan ya miƙa wuya ga nufin Uba, kuma washegari aka gicciye shi, kamar yadda Kirista suka gaskata. Addinin da alamarsa gicciye ce ba zai yiwu ya koya maka cewa wanda Allah ke ƙauna ba ya shan wuya ba. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 tsakanin rijiya da bauta da kurkuku, kuma a cikin kurkukun ma aiki yake yi da amana.

Saboda haka ƙaunar Allah a koyarwar Kirista tana nufin ba a yashe ka ba, ko a rijiya kake ko a fada. Wanda ya riƙe wannan, talauci zai dame shi amma ba zai haukata shi ba.

Inda ake yi mana sakiyar da ba ruwa

Mu faɗi gaskiya, da sunan bangaskiya ake damfarar matasa da yawa. A Disamba 2016 MMM ta rufe asusun jama'a, kuɗi suka maƙale. A Afrilu 2025 CBEX ta rushe da dukiyar mutane. Tsakanin waɗannan biyu an yi wasu barkatai. Kuma sau da yawa a ina ake tallata su? A guruf ɗin matasan coci, a guruf ɗin 'yan makaranta, a bakin wanda ka yarda da shi, yana ce maka Allah ne ya buɗe ƙofa, kada ka yi shakka, shakka rashin bangaskiya ce. Haka mai cacar ƙwallo ke yin addu'a a kan tikitinsa. Haka wani ke kwashe kuɗin makarantarsa ya kai wa mai wa'azin da ya ce a shuka iri a girbe ninki ɗari kafin wata ya mutu.

Ka tuna da jarabar da Shaiɗan ya kawo wa Yesu, a Matta sura 4. Ya kai shi ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, ai Allah zai aiko mala'iku su tare shi, har da kafa hujja da nassi. Yesu ya ƙi, domin wannan gwada Allah ne. Wanda ya zuba jarin mahaifiyarsa a inda aka ce kuɗi na ninkuwa cikin kwana 30 ba tare da an ga abin da ake saye ko sayarwa ba, dirowa ya yi daga ƙololuwa yana jiran mala'iku. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ko da an lulluɓe shi da ayoyi.

Bayar da baiko da taimakon aikin ikilisiya abu ne mai kyau, babu mai musu. Amma ranar da bayarwa ta koma ciniki, ka ba Allah dubu biyar ya ba ka dubu ɗari biyar, ka mayar da Uba ɗan canji. Ga ma'auni mai sauƙi: duk wanda ya sa wa Allah ranar biya, kuma ya ba ka lambar asusunsa na banki, ka riƙe aljihunka.

Haɗarin bai tsaya a kuɗi ba. Matashin da aka koya wa cewa bangaskiya na nufin samu nan take, ranar da bai samu ba zai yanke ɗaya daga cikin biyu: ko Allah ya yi ƙarya, ko shi ne Allah ya ƙi. Daga nan wasu ke barin addini gaba ɗaya, wasu su faɗa shaye-shaye, wasu su shiga ƙuncin da ke kai mutum ga tunanin halaka kansa. Abokan Ayuba sun zauna suna ce masa lallai wani zunubi ya yi, ƙarshe Allah ya tsawata musu. Kada ka zama abokin Ayuba a kwament ɗin wani. Kada kuma ka zama abokin Ayuba ga kanka. In ƙunci ya yi maka yawa har barci da abinci sun gagara, je ka ga likita, ka gaya wa wani babba da ka amince da shi. Likita ma cikin tanadin Allah yake. Mutanen Wusasa da suka gina majami'a, su ne suka gina asibiti a gefenta.

Kano ta san wannan darasi

Ba sai mun koma ƙarni na 19 kaɗai ba. A ranar 20 ga Janairu, 2012, hare-haren Boko Haram sun kashe mutum fiye da 180 a Kano. A ranar 29 ga Afrilu na shekarar aka kai wa Kirista masu sujada hari a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, dab da ganuwa, har da farfesoshi cikin waɗanda suka rasu. A ranar 28 ga Nuwamba, 2014, aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na cikin birni, kusa da gidan Sarki, sama da mutum 100 suka rasu. A Maris 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, na Musulmi da na Kirista, wuta ba ta tambayi sunan kowa ba.

Me ya biyo baya? Juma'a ta zagayo masallaci ya cika. Lahadi ta zagayo aka koma sujada. 'Yan kasuwa suka share toka, wani ya ci bashin kaya, wani ya fara da tebur a bakin titi. Waɗannan mutane ba su san gobe ba, kuma sun ga abin da gobe ke iya kawowa, amma suka fito. In kana neman hoton dogara ga Allah da za ka ɗora a status, wannan ya fi hoton daloli.

Kuma a lura, a irin waɗannan lokuta tanadin Allah ta hannun mutane yake zuwa. Maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa, dilan da ya ba da kaya bashi ba takarda, matan zumunta da suka haɗa kwano-kwano na hatsi suka kai wa gwauruwa. Tsakanin Kurmi da Sabon Gari tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu, kuma kullum kaya da kuɗi da amana na ƙetare wannan tazara. Mai yiwuwa amsar addu'arka tana hannun wanda ba addininku ɗaya ba. Mai yiwuwa kuma kai ne amsar addu'ar wani, kana nan kana danna waya.

To yanzu me za ka yi?

Ka yi addu'a, ka faɗa wa Allah bukatarka ƙarara, har da kukanka da fushinka. Zabura cike take da irin wannan. Amma ka bar masa lokaci da hanya.

Ka riƙe abin da ke hannunka yau. In ɗinki ne, ko gyaran waya, ko koyar da yara darasi da yamma, ko kai kaya a babur, yi shi da kyau ba tare da jin kunyar abokan makaranta ba. Marinar Ƙofar Mata ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana ciyar da gidaje, da hannu cikin baba ake yi.

Ka rage auna kanka da abin da kake gani a Instagram da TikTok. Motar da ka gani ba ka san ta aro ce ko ta bashi ba, kuma ba a ɗora hoton daren da aka kwana da yunwa.

Ka ƙi hanyar da ka san karkatacciya ce, ko da ita kaɗai ce a buɗe. A nan ake gane mai dogara na gaske: ranar da aka ce ka ƙara sifili ɗaya a rasit, ko ke aka ce ki zo otal a ba ki aikin, ka iya juya baya domin ka gaskata abincinka ba a hannun wannan mutumin yake ba. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Sannan ka duba gefenka. Akwai wanda ya fi ka shiga matsi, kuma ɗan abin da ka raina zai iya zama abincin yininsa.

Mutanen da suka bar Kano bayan 1867 ba su da waya, ba su da wanda zai yi musu layik, kuma yawancinsu ba su ga abin da suke jira ba. Sun yi shuka duk damina, sun aurar da 'ya'ya, sun binne matattunsu, sun riƙe abin da suka gaskata. Gobe da safe fostin ɗin nan zai sake zuwa wayarka. In ka ga dama rubuta "Amin", ba laifi. Amma bayan ka rubuta, ajiye wayar, ka ɗauki kayan aikinka ka fita.

Allah ya ba mu haƙurin jira da ƙarfin nema, ya zaunar da Kano da Najeriya lafiya.